DAF ɗinmu tana rubuto EAS, bakanike ya ce a yi mata dilit: don Allah ku koya min yaren manyan motoci

Ɗan Fataskum:

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayenmu da yayyenmu direbobi, makanikai da masu motoci.

Yayana ya sayo kan tirela daga Legas, DAF 'yar Beljiyam. Tana lodin wake da masara daga nan Fataskum zuwa Kudu, ta juyo da duk abin da aka samu. Shi ɗan kasuwar hatsi ne, ba ya zama wuri ɗaya, sai ya ɗora ni a kan lissafin motar wai tunda ni na yi boko. To bokon nawa na akawu ne. Kuɗin gas da na lodi da na kamasho duk ina riƙe su daidai, amma idan direba ya bugo daga hanya ya ce, "Oga ƙarami, ta kawo yalo, ta rubuta EAS, ga shi ba ta ja a hawa," iyakar amsata ita ce, "Nawa za a turo?"

Ga abin da na kwafo daga jikinta. A ƙofa an rubuta XF 105.460. A takardun da ta zo da su akwai FT 4x2 da Euro 5. Kusa da tankin gas akwai wani ƙaramin tanki mai shuɗin murfi, direba ya ce tun da aka miƙa masa makulli bai zuba masa komai ba, don ba wanda ya ce masa ana zubawa. Yanzu in ta ɗauki kaya sai ta riƙa nishi, hawan da take cinyewa a da sai an sauko giya biyu ko uku.

Mun nuna wa mutum uku. Na farko ya ce DPF ne ya toshe, a yanke salansa a fasa shi. Na biyu ya ce EGR ne. Na uku ya ce a bar wahala, a kawo kwamfuta a yi mata dilit a birenbos, shi ke nan. Kowa da farashinsa, kowa kuma ya rantse nasa ne daidai. Ni kuwa ko ɗaya daga cikin haruffan nan ban san inda yake a jikin mota ba.

Me suke nufi, kuma wanne ne ya shafi motarmu? Sannan ta ina mutum irina zai fara koyon yaren nan? In na yi tambaya a gareji yara su yi min dariya, manya kuma su ce, "Kai dai biya."

Baba Mai Sifana, Kano:

Wa alaikumus salam. Ɗana, da ka kwafo rubutun ƙofa da na takarda ka riga ka yi rabin aikin. Akwai masu motoci da yawa da ba su taɓa karanta shi ba.

XF ita ce babbar DAF ta dogon zango, mai ɗakin kwana. CF ƙanwarta ce, LF kuma autarsu. 105 jerin ƙirar ne, bayan 95 da ka ga ta cika hanya. 460 ƙarfin doki ne. Injinta silinda shida a jere, lita 12.9, sunansa MX. In ka leƙa ka ga an rubuta Paccar a kansa kada ka ce an yi muku musanya. DAF kamfanin Holan ne, a garin Eindhoven, amma tun 1996 yana hannun Paccar na Amurka. FT na nufin kan tirela mai aksul biyu. Da FTG ce da ka ga aksul uku, ɗaya kawai ke turawa. FTT kuma aksul uku, na baya biyu duk suna turawa.

Shi 4x2 yana rikita sabon shiga saboda mu a gareji taya muke ƙirgawa, Bature kuma bakin aksul yake ƙirgawa. Baki huɗu, biyu ke turawa: ita ce muke cewa mai taya shida, domin na baya a haɗe suke biyu-biyu. 6x4 ita ce mai taya goma. 8x4 mai goma sha biyu, irin manyan tifofi. Kowane kamfani da yadda yake rubuta nasa. Marsandi kan haɗa nauyi da ƙarfi wuri ɗaya: Actros 1844 tan 18 ke nan da doki kusan 440, 3340 tan 33 da doki kusan 400. Ko tsohuwar 911 da kakanninku suka yi arziki da ita, tan 9 ce da doki 110. MAN na raba su da ɗigo, TGA 18.430. Howo 371 da ta cika hanyar Obajana, 371 ɗin doki ne.

Yanzu ga inda kuɗinku yake neman zubewa.

Euro ba sunan inji ba ne, matakin dokar hayaƙi ne ta Turai. Euro 3 ta shigo a 2000, Euro 4 a 2005, Euro 5 a 2008, Euro 6 a 2013. Duk matakin da aka hau sai an rataya wa mota wani sabon abu, kuma yawancin haruffan da ke ba ka tsoro sunayen waɗannan abubuwa ne. Abu biyu ake yaƙa a hayaƙin gas. Akwai kunkunniya, baƙin da kake gani da ido. Akwai wata iska mai cutar da huhu da ba a gani, ana rubuta ta NOx, wadda ke samuwa idan wutar cikin silinda ta yi zafi ƙwarai.

EGR bawul ne da bututu da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, don wutar ta ɗan huce, NOx ya ragu. DPF matata ce a cikin salansa mai kama kunkunniya, in ta cika sai mota ta ƙona ta da zafin da ya kai wajen digiri 600. SCR kuma wani saƙa ne a cikin salansa, ana fesa wa hayaƙi ruwa kafin ya shige shi, sai gubar ta koma iska marar illa da tururi. Wannan ruwan shi ne AdBlue, 'yan Amurka na ce masa DEF. Tankinsa shi ne mai shuɗin murfin nan.

A zamanin Euro 4, MAN da Scania sun fi bin hanyar EGR. DAF da Marsandi da Iveco suka bi SCR. Saboda haka XF 105 ba ta da EGR. Bakaniken da ya ce EGR ne, ka kai shi gaban motar ka ce ya ɗora yatsa a kai. DPF ma akasarinsu ba su da shi, sai wasu kaɗan da aka yi wa ƙari, sai kuma Euro 6 da ta haɗa duka ukun. Abin da na farko zai fasa a cikin salansarku saƙar SCR ce, mai tsada, wadda watakila lafiyarta lau. EAS kuwa sunan da DAF ta raɗa wa dukkan sashen AdBlue ne, da tankinsa da famfonsa da sensocinsa. Motar ta gaya muku ciwonta da bakinta.

Rashin jan nan ma ba lalacewa ba ne. Doka ce ta sa aka ƙera ta haka: idan tankin AdBlue ya ƙare, ko sensa ta ga NOx ya wuce ƙa'ida, babbar mota na rage ƙarfin juyinta zuwa kashi 60 cikin ɗari har sai an gyara. A kan miƙaƙƙiyar hanya ba kaya ba za ka lura ba. Da tan talatin na masara a hawa, dole ka lura.

AdBlue yuriya ce kashi 32.5 cikin ɗari, sauran tataccen ruwa. Na san abin da ɗan garin manoma zai raya a ransa, don haka tun yanzu: kada ka jiƙa takin yuriya da ruwan rijiya ka zuba. Dattin taki da gishirin ruwa za su kashe famfo da saƙar gaba ɗaya. Motar na shan kusan lita 5 a duk lita 100 ta gas, sai ka buɗe masa layi a littafinka. Kuma kada ɗigonsa ya shiga tankin gas, kada gas ya shiga nasa.

Maganar dilit, wato a kashe sashen AdBlue a kwamfutar mota, ni tsohon yayi ne, ba na gaggawar ta. A sa kwamfuta a karanta laifin tukuna. Sau tari famfon ne ya bushe, yuriya ta daskare ta zama farin gishiri a bututu, ko sensa ɗaya ta mutu. A Turai laifi ne babba a kashe shi. Nan ba mai kama ka, amma hayaƙin yaronku na mota ne ke shaƙarsa yana kwance a gindinta a Tafa.

Yadda za ka koya kuwa, kada ka zauna haddace jerin haruffa, za su zube. Ranar wankin mota ka sa tsofaffin kaya, ka saya wa yaron motar shayi da burodi, ka ce ya bi da kai hanya uku da yatsa. Hanyar iska: filta, tabo, intakula, inji. Hanyar gas: tanki, filtar da ke raba ruwa, babbar filta, famfuna shida, nozul. Hanyar hayaƙi: daga tabo zuwa bakin salansa. Duk harafin da ka ji daga baya, tambayarka ɗaya ce, a kan wace hanya yake, kafin me, bayan me. Kuma ka kafa wa kanka doka, ba ka biyan kuɗin abin da ba a nuna maka shi a jikin mota ba, tsohon da aka cire kuma a ba ka shi a leda.

Direban Hanyar Jos:

Baba ya gama magana a kan inji. Allah ya ƙara girma. Ni ta wajen sitiyari zan zo.

Oga ƙarami, farko dai kada ka huce a kan direbanka. Wanda ya taso a kan 95 ko tsohuwar Mack bai san wani tanki mai shuɗin murfi ba, kuma masu sayar da mota ba sa bayani, makulli kawai suke miƙawa.

Haruffan da Baba ya lissafa kuɗi suke ci. Akwai waɗanda rai suke ci, su ya kamata ka fara sani. In direba ya kira ka, kafin komai ka tambaye shi, ja ce ko yalo? Yalo na nufin a lallaɓa a kai gareji. Ja na nufin a sauka gefen titi yanzu a kashe. Jar butar mai, ƙarfin baƙin mai ya faɗi ke nan, in aka ƙara tafiya kaɗan injin ya buga. Jar alamar zafi, obahitin, gasket na hanyar ƙonewa. Idan ka ce masa "daure ka ƙarasa Lokoja" saboda mai kaya na damun ka da waya, to kai ka sayi sabon inji, ba shi ba.

Birkinmu na iska ne. A gaban direba akwai ma'auni biyu, 1 da 2, an rubuta bar. Motar Amurka psi take rubutawa, bar ɗaya psi 14.5 ne. In ka ji an ce "tana tara iska" da safe, jira ake allurar ta hau, domin birkin ajiye mota sifirin ne ke danne shi, iska ce ke sakinsa. In ka ji "tana zubar da iska," wannan ba maganar gobe ba ce. Robobi biyu da ke tafiya daga kai zuwa bodi, ja ita ke kai iskar ajiya, yalo ita ke kai umarnin taka birki. ABS shi ke hana taya cijewa ta ja da ƙasa. EBS birkin iska ne da kwamfuta ke ba umarni. In wutarsu ta kawo, birki na nan amma wayonsa ya tafi, kuma ranar ruwan sama za ka san bambancin.

Abin da na fi so masu mota su gane shi ne birkin inji da ritada. A DAF za ka ji MX Engine Brake, in giyar ZF ce mai ritada a jiki za ka ji Intarder, 'yan Mack kuma su ce Jake. Su ke riƙe mota a gangara ba tare da an taka birki ba. Wanda ya taɓa sauko Hawan Kibo da cikakken lodi ya san cewa in ka dogara da ƙafa kawai, kafin ka kai ƙasa birki ya yi zafi ya shanye. Amma sai direba ya ce birkin inji ba ya kamawa, mai mota ya ce, "Ai tana tafiya, a bari sai an dawo." Kada ka zama irinsu.

Yaren gareji kuwa kunne ke ɗaukarsa. "Ta sha iska," iska ta shiga layin gas, sai an yi bilidin, wato a fitar da iskar. "Juye," canjin baƙin mai. "Taya ta yi bindiga" ka san wannan. "Sa waiji," katakon da yaro ke cusawa a gindin taya. Ka roƙi yayanka ya bar ka ka bi motar sau ɗaya, daga Fataskum har inda za ta sauke, ka kwana a Mararrabar Jos ka ci abincin da muke ci. Lissafinka ma zai canza.

Ɗan Fataskum:

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Yaya direba, na karɓi gyara, kuma zan bi ta in sha Allahu. Na kira direbanmu, ya ce yalo ce ba ja ba. Na hana a taɓa salansa. Amma mai kwamfutar da muka samu a nan ya ce kuɗin dubawa daban, kuma in ya duba sai ya ce "sensa ce" kawai. Me zan ce ya nuna min?

Mai Wayarin, Fanteka Kaduna:

Malam, ka ce ya bar ka ka ɗauki hoton fuskar kwamfutar kafin ya goge komai. Wannan haƙƙinka ne, ka biya. "Sensa ce" ba amsa ba ce, motar nan sensocinta sun fi a ƙirga da yatsu.

Abin da muke ce wa birenbos, wato kwamfutar da ke jikin mota, a takarda ECU ne, kuma ba ɗaya ba ne a mota. A DAF ɗinku na inji sunansa DMCI, a tsohuwar Euro 3 kuma UPEC. VIC shi ne na tsakiya mai tattara saƙo ya kunna maka wuta a gaba. EAS na da nasa, EBS na da nasa, ECAS na balan-balan ɗin iska da ke ɗaga bayan mota. Kwamfutar kamfanin DAF sunanta DAVIE. A Actros haruffan na Jamusanci ne, shi ya sa ko mai Turanci ba ya cinkar su: MR inji, FR tuƙi, GS giya, BS birki. A MAN za ka ga EDC da FFR da ZBR. Saboda haka in mutum ya ce maka birenbos ya mutu, ka ce wanne.

Na'urori da yawa, musamman a motocin Amurka da sababbin na Sin, suna ba da laifi da lamba biyu, SPN da FMI. Ta farko na gaya maka wane abu ne, ta biyu na gaya maka me ya same shi. SPN 100 ƙarfin baƙin mai ne, 110 zafin ruwa, 102 iskar tabo, 97 ruwa a cikin gas. FMI 3 wuta ta yi yawa a layin, 4 ta yi ƙasa, 5 layin ya yanke. FMI 0 da 1 kuwa na nufin abin da ake aunawa ne da kansa ya wuce ko ya gaza. Ka ga SPN 100 da FMI 1, baƙin mai ne ba ƙarfi, a kashe mota. SPN 100 da FMI 5, watakila ɓera ne ya ci waya. Lamba ɗaya ce ta raba aikin minti goma da sauke inji. Rabin sensocin da ake canzawa a garin nan, da an bi wayarsu da an ga inda ta goge. Wannan ƙiyasina ne, ba ƙidaya na yi ba.

Wani abu kuma, laifin NOx a Euro 5 ba ya goguwa da hannu. An tsara shi ya zauna a ajiye kwana 400 ko awa 9,600 na aikin inji, don jami'an Turai su gani. In an gyara, ƙarfi zai dawo, amma tarihin na nan. Kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan zai share shi.

Baba, a gafarce ni, a maganar dilit ina da ja kaɗan. Motar da ke shiga ƙauyukan Yobe da Taraba ba ko'ina za ta samu AdBlue mai kyau ba, ga zafi na lalata shi in ya daɗe a ajiye. Ga kuma gas ɗinmu. Turai salfa 10 cikin miliyan suke yarda da shi, mu kuwa shekara da shekaru dokarmu ta bar har 3,000, sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da 50. Motocin da suka sha wancan tsohon gas ɗin, cikin salansarsu ya ga duniya. Shi ya sa mutane ke gudu zuwa Howo mai Euro 2, ba ruwanta da ko ɗaya cikin wannan. Ban ce a yi ba, amma masu yi ba duka ne mahaukata ba. Abin da na ƙi shi ne ɗan akwatin nan na arha da ake dasawa a yanke wayoyi barkatai, bayan wata biyu mota ta kawo wuta biyar maimakon ɗaya.

Ƙarin nasiha kyauta: motarku bolt 24 ce, batir biyu a jere. Kada yaro ya ja wayar cajin waya ko rediyo daga batir ɗaya, zai kashe su duka biyun. Kuma kada a yi walda a jikinta ba a cire kan batir ba.

Alhajin Maraɗi:

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni kamyo biyu gare ni, wato manyan motoci, Renault, ina aiki tsakanin Maraɗi da Kano ta Jibiya. Ina ƙara wa yaron nan abu guda, don wata rana za a ba shi lodin Nijar, ko ya sayi kayan gyara da suka fito daga Faransa.

Wajenmu haruffan na Faransanci ne. Abin da kuka ce DPF, mu FAP muke gani. Gas ɗinku, wanda rasit ɗin gidan mai ke rubutawa AGO, mu gazuwal muke cewa. A takardar mota za ka ga PV, nauyinta ba kaya. PTAC, iyakar nauyinta da kaya, shi ne GVW naku. PTRA kuma kai da bodi da kaya gaba ɗaya, naku GCW. Ɗan akawu, nan ne naka aikin yake. Ka cire nauyin mota daga iyakar da aka yarda, abin da ya rage shi ne kayan da za ka yi ciniki a kai. Ƙasashen UEMOA, wato na yammacin Afirka masu kuɗin sefa, na da doka mai lamba 14 ta shekarar 2005 a kan nauyin kowane aksul, kuma sikelin kan hanya aksul-aksul yake aunawa. Kanku 4x2 ne, aksul ɗaya ke ɗauke da gaban bodi. Lodin da mai taya goma zai wuce da shi lafiya, ku zai iya kama ku, kuma ko ba a kama ku ba, tayoyin baya da balan-balan za su gaya muku.

Baba Mai Sifana, Kano:

Mai Wayarin, na ji hujjarka, kuma ban ƙaryata ka a kan gas ba. Amma motar yaron nan hanyar Kudu take bi, inda manyan gidajen mai da masu kayan DAF suke. A gwada gyara tukuna. In an gyara ta ƙi, sai mu sake zama.

Alhaji ya taɓo taya, bari in ƙarasa masa, don bayan gas nan kuɗi ya fi tafiya. 315/80R22.5: faɗin taya milimita 315, tsayin gefenta kashi 80 cikin ɗari na faɗin, R irin saƙar wayar ciki, 22.5 girman wili a inci. Bayansa za ka ga kamar 156/150L. 156 na nufin kilo 4,000 in ita kaɗai ce, 150 kilo 3,350 in an haɗa su biyu, L kuma gudun kilomita 120. Sai ka nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekara. 2319 mako na 23 ke nan a 2019. Taya 'yar Beljiyam na iya zuwa da zane mai kyau alhali ta tsufa, zafin kwaltar Damaturu kuma ba ya duba zane.

Baƙin mai: 15W-40 kaurinsa ne, a sanyi da a zafi. Ka juya bayan jarka ka nemi API. In harafin farko C ne, na injin gas ne, kamar CH-4 ko CI-4. In S ne kaɗai, na fetur ne, a mayar wa mai shago. Na Turai kuma ACEA suke rubutawa, E7 ya dace da irin taku, E6 da E9 na masu DPF ne. GL-4 da GL-5 man giya da na aksul ne, kada a haɗa su da na inji ko a yi musanyarsu da ka.

Ɗan Fataskum:

Ga hoton da na ɗauka. Laifi biyu ne, ɗaya na tankin AdBlue ba komai, ɗaya na famfon ba ya tara ƙarfi. Ba maganar sensar NOx. Mai kwamfutar ya ce famfo sabo za a saya. Baba, in tura kuɗin?

Baba Mai Sifana, Kano:

Dakata. Famfon da ya yi watanni a bushe dole ya ƙi tara ƙarfi. A sauke tankin a wanke, a kwance bututun da bakin feshin a jiƙa su a tataccen ruwa mai ɗumi har farin gishirin ya narke, a canza 'yar filtar famfon. Sannan a zuba AdBlue, a sa kwamfuta ta gwada feshin a gabanka. In ya ƙi bayan wannan, to ka sayi famfo. Wajen sayen ruwan ka duba jarka a rufe take da hatiminta, an rubuta ISO 22241, kuma kada ka karɓi wadda aka jera a rana a bakin shago. Ka sayi biyu, ɗaya ta zauna a inuwa cikin akwatin gefe, ka nuna wa direba da yaronsa murfin da za su buɗe.